Ba Kowace Ƙiriniya Ce Rashin Tarbiyya Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna gaishe ku da ma'aikatanku, da fatan kuna lafiya. Muna roƙon ku ba mu fili a wannan jarida mu yi magana da iyaye da malaman makaranta a kan wasu yara da ke shan duka da zagi kullum, alhali abin da ke damunsu lalura ce da likitoci suka daɗe da saninta, kuma akwai hanyar gane ta tun a gida.

Da wuya a rasa unguwar da ba ta da yaron da aka sallama. An ce ba ya ji, an ce gagararre ne, an ce rawar kai ta yi masa yawa. Uwarsa ta gaji da bin gidajen maƙwabta tana ba da haƙuri, ɗan kuka ya jawo mata jifa. Malamin boko na kuka da shi, malamin Islamiyya ma haka, ga kafafunsa duk tabon faɗuwa da shaidar tsumagiya. Akwai kuma yarinyar da ba mai kuka da ita. Tana zaune shiru a ƙarshen aji, idonta a kan allo, hankalinta ya tafi wani wuri. A gida sunanta sakarya, domin an bar mata tukunya ta ƙone, an aike ta ta dawo da abin da ba a ce ba. Mai yiwuwa ne waɗannan yara biyu abu ɗaya ke damunsu.

Likitoci na kiran lalurar ADHD, wato ƙarancin natsuwa haɗe da yawan motsi da garaje. Tana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022, tana kuma cikin littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, wanda daga cikinsa ne akasarin likitoci ke ɗaukar ma'aunin ganewa. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna tana shafar kusan yara 5 cikin 100, ke nan ajin da ke da yara 60 ana iya samun kamar 3 a ciki. Masu cewa wayar salula ce ta kawo ta, su sani tun a 1902 wani likitan yara ɗan Ingila, George Still, ya yi laccoci a Landan a kan yaran da ke da basira daidai da ta sa'o'insu amma ba sa iya riƙe hankalinsu ko kame kansu.

Tushen matsalar yana cikin ƙwaƙwalwa, musamman ɓangaren gaba da ke bayan goshi. Shi ne linzamin mutum: shi ke cewa dakata, shi ke riƙe saƙo a kai har a isar, shi ke jera aiki daga farko zuwa ƙarshe. A wurin waɗannan yara wannan ɓangare na jinkirin nuna, kuma sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyinsa, dofamin da noradirenalin, ba sa aiki yadda ya kamata. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2007 da hotunan ƙwaƙwalwar yara ya gano jinkirin ya kai kamar shekara 3. Saboda haka ɗan shekara 10 na iya samun wayon ɗan shekara 10 amma kamun kansa na ɗan shekara 7 ne. Gado ne ya fi yawa a sanadin: binciken tagwaye ya nuna kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na bambancin daga jini yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ya sa idan aka bincika sau da yawa akan tarar uba ko kawu ya yi irin wannan ƙuruciya. Haihuwar bakwaini, da ƙarancin nauyi lokacin haihuwa, da shan taba ko giya da ciki, da rauni a kai, duk suna ƙara haɗarin. Sukari da alewa ba sa haddasa ta, an gwada wannan an sake gwadawa. Lalacin iyaye ma ba ya haddasa ta, ko da yake gidan da ba tsari yakan sa ta ƙara tsanani.

Alamomin kashi biyu ne, tara-tara. Na rashin natsuwa sun fi fitowa a wurin aike. A ce uwa ta kira ɗan shekara 9, ta ba shi kuɗi ta ce ya sayo gishiri da daddawa da man gyaɗa, ya biya ya karɓo niƙa. Tun tana magana idonsa na kan akuyar da ke cin dusa, kamar ba da shi ake ba. Ya ce to, ya fita. A ƙofar gida ya ga ana gyaran babur, ya tsaya. Da ya isa shago abu ɗaya ya rage a kansa, gishiri. Ya dawo bayan awa guda, ba niƙa, ba canji, takalmi ƙafa ɗaya ya bar shi a wurin mai gyaran babur. Idan aka tambaye shi ya ce ya manta, kuma gaskiya ya faɗa. A cikin wannan aike ɗaya an ga huɗu daga cikin tara: rashin saurare ko da ana yi masa magana ido da ido, saurin shagala da abin da ya gifta, mantuwar abin yau da kullum, da yawan ɓatar da kaya. Sauran biyar sun fi bayyana a littafinsa. Zai yi kuskuren ganganci a lissafin da ya iya, ya tsallake layi wurin kwafa daga allo. Ba ya iya daɗewa a kan aiki ko wasa ɗaya. Yana fara abu da zafi ya bar shi a rabi. Jakarsa a hargitse, ba ya sanin abin da zai fara da wanda zai biyo baya. Duk aikin da ke buƙatar dogon tunani, kamar hadda ko aikin gida na makaranta, sai ya yi ta kauce masa da uzuri iri-iri.

Kashi na biyu ba ya ɓoyuwa. Yaron na zaune amma hannu da ƙafa ba sa hutawa, yana mutsu-mutsu, yana kaɗa benci. Yana tashi daga wurin zamansa a lokacin da kowa ke zaune, a aji ko a kan tabarmar cin abinci. Yana gudu da hawan katanga da bishiya inda bai dace ba. Ba ya iya wasa a hankali. Daga asuba har dare kamar an kunna inji an manta ba a kashe ba. Ga surutu ba tsayawa. Ukun ƙarshe su ne na garaje: yana amsa tambaya kafin malam ya gama yin ta, ba ya iya jiran layi ko a bakin famfo ko a wurin wasa, yana kuma katsalandan cikin maganar manya da wasan wasu yara, har ya ɗauki abin mutum bai tambaya ba. Garajen nan ne ya fi tayar mana da hankali, domin shi ke sa yaro ya tsallaka titi bai duba ba, ya faɗa kududdufi da damina bai iya ruwa ba, ya leƙa rijiya. Yaran da ke da wannan lalura sun fi sa'o'insu yawan karaya da ƙuna da haɗarin hanya.

Duk mai ɗa zai ce ai nawa ma yana yin wasu daga cikin waɗannan. Haka ne, ƙuruciya ta gaji motsi. Shi ya sa aka gindaya sharuɗɗa, kuma sai sun cika duka. Sai an samu alamomi 6 ko fiye daga cikin tara na kashi ɗaya, ko na kowane kashi. Ga wanda ya kai shekara 17, 5 sun isa. Sai sun ɗauki aƙalla wata 6 suna faruwa a kai a kai, ba sau ɗaya a mako ba. Sai wasunsu sun fara bayyana kafin shekara 12. Sai an gan su a wurare biyu ko fiye, misali gida da boko, ko boko da Islamiyya. Sai kuma suna yi wa yaron illa a zahiri, karatunsa na ja da baya, abokai na gudunsa, gida ba zaman lafiya. Ma'aunin kuwa sa'o'insa ne: a kwatanta ɗan shekara 7 da 'yan shekara 7, ba da yayansa ba. Sharaɗin wurare biyun nan yana warware rigingimu da yawa. Yaron da ke natsuwa lafiya lau a gida da Islamiyya, sai a aji ɗaya kawai yake tayar da ƙura, a binciki ajin da abin da ke faruwa a cikinsa. Ɗan ƙasa da shekara 4 kuma ba a gaggawar yanke masa hukunci, domin yawan motsi a wannan shekaru al'ada ne.

Iyaye kan kawo wata hujja: ai yana iya zama awa biyu a gaban waya ko kallon ƙwallo bai motsa ba, ashe da gangan yake. Wannan ba ya kore lalurar. Ƙwaƙwalwar irin wannan yaro na manne wa abin da ke ba ta lada nan take, kuma wasan waya na sauya hoto da sauti duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Inda take gazawa shi ne abin da ladansa ke nesa, kamar maimaita aya sau ashirin domin a ba da hadda gobe. A lura ma da yadda rigima ke tashi idan aka zo karɓar wayar; wahalar sauya hankali daga abu zuwa abu ita ma alama ce.

Muna so mu ja hankali sosai a kan 'ya'ya mata. A ƙididdiga maza sun ninka mata kamar sau biyu, amma wani ɓangare na wannan tazara rashin ganewa ne. Mace ta fi zuwa da nau'in rashin natsuwa zalla, ba gudu ba hawan katanga. Tarbiyyarmu kuma na yaba wa yarinya mai shiru, don haka ba wanda ke zargin komai. Abin da ake gani shi ne wanke-wanke ba ya ƙarewa, an koya mata abu yau gobe kamar ba a taɓa ba, tana kai wa dare a kan aikin da ƙawayenta suka gama cikin minti 20, ga yawan kuka da jin cewa ita ba ta iya komai. Da yawa ana cire su daga makaranta da sunan ba su da kan karatu, su shiga gidan aure da lalurar, can ma a ce musu ƙazamai ko malalata. Lalurar ba ta tsayawa a ƙuruciya ga kowa: gudun da tsalle-tsallen kan ragu da girma, rashin natsuwar kan bi mutane da yawa har girmansu.

Sai dai kafin a ce ADHD ce, wajibi ne a kawar da abubuwan da ke kama da ita, kuma a ƙasarmu suna da yawa. A fara da kunne. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa ko mugunya, ko wanda ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda mai tsanani, yana iya zama ba ya ji sosai, a ɗauka raini ne. A tsaya a bayansa kamar tsawon hannu, a toshe masa kunne ɗaya, a raɗa kalmomi uku ya maimaita, sannan a sauya kunne. Sai ido: idan yana ƙanƙance ido wurin kallon allo, ko yana kai littafi dab da fuska, gwajin ido yake buƙata. Akwai kuma wata farfaɗiya da ba ta kayar da mutum. Yaro na cikin magana ko cin abinci sai ya ƙame, ido a buɗe, wani lokaci fatar ido na karkarwa ko baki na motsi, na kamar daƙiƙa 10, sannan ya ci gaba bai san an yi ba. Tana iya zuwa sau da yawa a yini. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: a kira sunansa a dafa kafaɗarsa. Mai shagala zai juyo nan take, mai wannan farfaɗiya ba zai amsa ba sai ta sake shi. Wannan na da maganinta daban, kuma ana tabbatar da ita da gwajin EEG, wato na'urar da ke auna aikin ƙwaƙwalwa ta wayoyin da ake manna wa kai.

Barci ma babban abin dubawa ne. Ɗan shekara 3 zuwa 5 na buƙatar awa 10 zuwa 13 a yini, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Yaron da ke kwanciya ƙarfe 11 na dare a tashe shi da asuba bai samu ko awa 7 ba. Babba idan barci bai ishe shi ba yakan yi laushi, yaro kuwa sau da yawa sai ya ƙara ƙiriniya da saurin fushi. Wanda ke minshari kullum, yana barci baki buɗe, numfashinsa na ɗaukewa yana dawowa, a kai shi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba ko wani nama ne ya kumbura ya tare hanyar iska. Yunwa ma haka: wanda ya tafi makaranta bai karya ba, kafin ƙarfe 10 hankalinsa ya bar aji. A ja fatar idonsa ta ƙasa a duba, a duba tafin hannu. Idan sun yi fari a auna jininsa, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe da tsutsar ciki na rage natsuwa. Mai sikila da karatunsa ya ja baya ba zato, a gaya wa likitansa da wuri, saboda cutar na iya toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga shanyewar jiki ba. Wasu magunguna ma na kawo rawar jiki da rashin zama, irin su fenobabiton da ake ba masu farfaɗiya da salbutamol na masu asma. Kada a daina su da ka, a dai sanar da likita. Haka shayi mai kauri, da goro, da lemukan ƙara kuzari da yara ke sha yanzu.

Abu biyu sun shafi yankinmu kai tsaye. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, mai zuwa da jijjiga da suma, yakan bar wasu yara da raunin natsuwa da sauyin hali bayan sun warke, don haka a ambata wa likita ko da shekaru sun wuce. Na biyu gubar dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Ƙaramin adadin da ba ya kisa ma yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya rage fahimta, ya kawo rashin natsuwa. Duk yaron da ke zaune kusa da wurin haƙar ma'adinai ko wurin fasa tsofaffin batura, a nemi a auna dalma a jininsa. Kwallin dutse da ake sa wa jarirai shi ma yakan ƙunshi dalma mai yawa, gara a bar shi.

Sannan akwai abin da ke zuciya. Yaron da ya ga an kai hari ƙauyensu, ko aka raba shi da uwarsa, ko ake cin zarafinsa a ɓoye, zai kasance a firgice, ba barci, ba natsuwa. Bambancin shi ne wannan yana da ranar farawa: da lafiyarsa ƙalau, bayan abu kaza ya sauya. ADHD kuwa tun yana ƙarami ake ganin ta. Haka yaron da ake koyar da shi da Turanci ko Faransanci bai fahimci ko kalma ba, dole ya nemi abin yi da hannunsa. Haka wanda karatu kaɗai ke ba shi wuya, haruffa na rikice masa, amma yana natsuwa a sauran abubuwa. Kuma a duba shekarunsa a ajin. An tabbatar a ƙasashe da dama cewa yaran da suka fi ƙarancin shekaru a ajinsu sun fi samun laƙabin ADHD bisa kuskure, mu kuma ga al'adar sa yaro firamare da wuri da yi masa tsallaken aji.

Abin da muke ba iyaye shawara shi ne su sayi ƙaramin littafi su yi mako biyu suna rubutu, da boko ko da ajami. Kowace rana a rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi, da ko ya karya kumallo. Sau uku a yini, safe da rana da dare, a rubuta abin da aka sa shi, da abin da ya yi, da minti nawa ya ɗauka kafin ya tashi ko ya shagala. Kada a rubuta “ya yi rashin ji”, wannan ba ya gaya wa likita komai. A rubuta “an ce ya kwafi layi biyar, ya yi biyu cikin minti 4, ya tashi sau uku”. A rubuta ranakun da ya yi kyau ma, da abin da ya bambanta su. A roƙi malamin boko da na Islamiyya kowa ya rubuta nasa, ba tare da ya ga na wani ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi rubutun ranar da rai ya ɓaci kawai, sai littafin ya zama takardar ƙara.

Da wannan littafi, da katin sakamakon makaranta na zango biyu ko uku, da katin asibitinsa na jarirai idan yana nan, sai a nufi likitan yara a babban asibiti. Idan da buƙata zai tura sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ADHD, kada a kashe kuɗi a kan hoto sai likita ya ga wani dalili daban. Ana gane ta ne ta tarihi tun daga ciki da haihuwa, da duba jiki, da takardun tambayoyi da iyaye da malamai ke cikewa. Ganin minti biyar ba ya isa, domin yaro kan natsu a baƙon wuri gaban baƙon mutum. A tafi da wanda ya fi zama da yaron, galibi uwa ko kaka, ba wanda ya fi iya magana ba.

Tun kafin a ga likita akwai abin yi a gida, kuma ga 'yan ƙasa da shekara 6 shi ne maganin farko. A daina jefa umarni daga ɗaki zuwa tsakar gida. A matso kusa, a kira sunansa, a bari ya kalle ka, a faɗi abu ɗaya, a sa shi ya maimaita. Idan ya gama ya dawo a ba shi na biyu. Aike mai kaya uku a rubuta masa a takarda. Karatu a yanka shi minti 10 zuwa 15, a ba shi hutun minti 3 ya motsa jiki, a dawo. Takalmi da jaka da allo kowanne da wurinsa guda, a shirya su tun dare. Lokacin barci da na abinci kada su riƙa sauyawa, a kuma ɗauke waya awa guda kafin kwanciya. Yabo ya zo nan take, a kuma faɗi abin da aka yaba: “Madalla, ka kai kwanon ba a sake faɗa maka ba.” Ana iya ajiye kwalba, duk lokacin da ya yi ɗaya daga cikin halaye biyu da aka zaɓa a jefa ƙwayar wake, idan sun kai 10 a ba shi ɗan abin da yake so a ranar. Alkawarin keke a ƙarshen shekara ba ya aiki, ya yi nisa ga wannan ƙwaƙwalwa. Kada a kwashe waken da ya riga ya samu don ya yi laifi daga baya, nan take zai fid da rai. Idan ya yi duka ko ɓarna, a zaunar da shi wuri guda da ba wasa, minti ɗaya ga kowace shekara ta haihuwarsa, ba tsawa ba dogon wa'azi. A sa rai a kwanakin farko hali zai ƙara ɓaci, yana gwada ko da gaske ake. A nan ne akasarin iyaye ke sarewa. A gidan yawa kuma sai an haɗa baki, domin idan uwa ta hana, kaka ta bayar, abokiyar zama ta yi dariya, ba abin da zai zauna.

Malam a aji, ko da yaran sun cika maƙil, yana iya dawo da shi layin gaba nesa da taga da ƙofa, ya ba shi aikin da ke buƙatar tashi kamar share allo da raba littattafai, su kuma yi wata alama tsakaninsu, kamar taɓa benci, maimakon kiran sunansa da tsawa gaban 'yan aji. A makarantar allo a rage masa tsawon abin da ake biya masa, a yawaita karɓa. Hana shi fita tara a matsayin horo kuskure ne, gudun nan shi ke sauke masa abin da ya taru.

Magani na nan, kuma yana aiki ga mafi yawan waɗanda aka tabbatar suna da lalurar. Wanda aka fi sani shi ne metilfenidet, mai sunan kasuwa Ritalin, da akan fara daga wajen shekara 6. Ba maganin barci ba ne, yana ƙarfafa linzamin nan ne. Nau'insa na gajeren zango na aiki awa 3 zuwa 4. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali. Yakan rage cin abinci, ya hana barci idan an sha da yamma, ya ɗan ɗaga bugun zuciya, shi ya sa ake ba da shi da safe bayan karin kumallo, ana kuma auna nauyi da tsawo da hawan jini a kai a kai. Dole a gaya wa likita idan akwai ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a ta matashi a dangi. Akwai kuma atomoksetin, wanda ke ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa. Likita kaɗai ke rubuta su. Muna roƙon iyaye da babbar murya kada su je kemis su ce a ba su abin da zai kwantar da yaro. Abin da za a miƙo musu maganin barci ne ko na mura mai sa maye, wanda zai dusashe ƙwaƙwalwar da ake son a taimaka, ya kuma buɗe ƙofar shaye-shaye.

Mun san ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba mu ce a bar yaro ba kwaɓa ba. Amma bulala ba ta gyara mantuwa. Yaron da ake duka a kan abin da ya fi ƙarfinsa yana koyon ƙarya da ɓuya, daga baya ya daina jin zafin dukan, ya yarda cewa shi ɗan banza ne, ya nemi waɗanda za su karɓe shi a haka a bakin tasha. Daga nan ne wasu ke ƙarewa a gidan mari, kuma ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 a Rigasa ta Kaduna da Daura ba, mutane ɗaure da sarƙa, cikinsu har da yara. Addu'a kuwa a yi ta, babu abin da ya hana a haɗa ta da zuwa asibiti.

Roƙonmu ga ma'aikatun ilimi na jihohi shi ne a sa gane wannan lalura cikin darussan kwalejojin horar da malamai, a kuma haɗa da malaman Islamiyya da na allo a bitar da ake shiryawa. Ma'aikatun lafiya su horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko da jagoran mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke da babi a kan matsalolin halayyar yara, su kuma wadata asibitoci da takardun tambayoyin nan da Hausa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta ba da madogara. Ku kuma, Malam Edita, muna fatan za ku riƙa gayyato likitocin yara su amsa tambayoyin iyaye a shafinku na lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar yara da malaman firamare,
Kano.